Kwamfuta ta ƙi riƙe wayar Hajiya, maigida kuma yana hanya

Assalamu alaikum Malam. Ni yaro ne mai koyon gyaran waya a wani shago kusa da babbar kasuwar Garwa. Maigidana ya tafi Mubi sarin kaya, ya bar min shago. Wata Hajiya mai sayar da atamfa, wadda ta daɗe tana kawo mana aiki, ta kawo Tecno Spark 7 ɗinta da ta maƙale a kan tambari, ba ta gaba ba ta baya. Na ce mata filashin za a yi, wato a sake zuba wa wayar manhajarta, ta dawo da yamma. Na sauko da fayil, na buɗe manhajar filashin, SP Flash Tool, amma da na jona wayar sai kwamfuta ta yi ƙarar shiga, kafin in ƙifta ido ta yi ƙarar fita. Wani lokaci ta ba ni lambar kuskure 2005, wani lokaci 1013. Sau ɗaya jan layin nan ya cika, daga nan komai ya tsaya. Kusan mako guda ke nan ina ce mata gobe. Ita kuma ta ce duk lissafin bashinta yana ciki, hotunan takardu da saƙonnin masu karɓar kaya. Wani abokina ya ce in wayar ta kama in zaɓi Format All + Download, shi ne maganin taurin kai. Maigida zai dawo ranar Juma'a. Har na fara tunanin in ranto kuɗi in saya mata wata, in ce tata ta mutu. Malam, na kashe wayar ne? Wallahi barci ma ya gagare ni.

Daga wani ɗan koyo, Garwa

Wa alaikumus salam, ƙanena.

In dai abin da ka rubuto haka ya faru, ba ka kashe wayar ba. Mataccen inji ba ya sa kwamfuta ta yi ƙara, ba ya kuma karɓar jan layi har ya cika. A SP Flash Tool launukan nan suna faɗa maka inda aiki ya kai. Ja shi ne lokacin da manhajar take tura ɗan ƙaramin shirin da ake kira DA cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ta wayar, wanda yake gogewa da zarar an yanke wuta. Rubutu na gaske a cikin ma'adanar wayar sai layi ya koma shunayya ko ruwan ɗorawa yake farawa. Tunda ba ka ga ɗayansu ba, wayar Hajiya tana nan yadda ta kawo ta. Ka kwanta ka yi barci daren yau.

Kuma zan faɗa maka abin da ba ka yi tsammani ba: ƙin haɗuwar nan da ta hana ka sukuni ita ce ta rufa maka asiri. Da a ranar farko komai ya tafi sumul, da ka bar dukkan akwatunan fayil ɗin a zaɓe kamar yadda suke zuwa, har da wanda aka rubuta userdata, wato sashen bayanan mai waya, da yanzu wayar ta tashi tas, lissafin bashin Hajiya kuma ya tafi inda ba ya dawowa. Ka yi mata alkawarin filashin ba ka tambaye ta abin da ke ciki ba. Wannan shi ne kuskuren da ka yi, ba lamba 2005 ba, kuma har yanzu ana iya gyara shi.

Shawarar abokinka kuwa ka ajiye ta nesa. Format All + Download ba ya warkar da matsalar haɗi, don matsalarka tana faruwa ne kafin ma a kai ga wannan zaɓin ya yi wani tasiri. Abin da zai yi, in aka yi rashin sa'a wayar ta kama a daidai lokacin, shi ne ya share ma'adanar kakaf, har da sashen da ke riƙe da lambar shaidar waya, wato IMEI, da saitin eriya na wannan wayar ita kaɗai. Sai ka samu waya ta kunnu, kyakkyawa, amma ta ƙi ganin layin Orange, ta ƙi ganin na MTN. In kuma haɗin ya yanke bayan an share kafin a rubuta sabo, wanda da irin igiyarka abu ne mai yiwuwa ƙwarai, a nan ne za ka ga waya mai baƙin gilashi da gaske. Zaɓin Download Only, wanda ba ya share ma'adanar kakaf, shi ne naka, shi ma ba yanzu ba.

To mu zo kan kwamfutar. Ƙarar shiga da fita da take firgita ka, rabinta ba ciwo ba ne, haka wayoyin da ke da injin kamfanin MediaTek, irin wannan Spark 7, suke. Idan aka jona waya tana kashe, ɗan shirin farko da ke tashi a cikinta, preloader, yakan buɗe kafar COM, wato ƙofar da kwamfuta ke magana da wayar ta cikinta, na 'yan daƙiƙoƙi kawai. Kamar baƙo ne da ya yi sallama a zaure: in an amsa ya shigo, in ya ji shiru ya kama gabansa. Idan ba a amsa ba, wayar sai ta rufe kafar ta koma caji ko ta yi ƙoƙarin kunnuwa. Don haka tsarin aikin yana da muhimmanci. Ka ɗora fayil ɗin scatter, wanda ke nuna wa manhajar inda kowane sashe zai zauna a wayar, ka danna Download, manhajar ta zauna tana jira, sannan ka jona wayar tana kashe murus. Yara da yawa suna jona waya tukuna su je neman maɓalli, kafin su danna an riga an wuce. Lamba 2005 yawanci abin da take nufi ke nan, an yi sallama ba a gaisa ba, ko don an makara, ko don maganar ta lalace a hanya.

Wayar da ta maƙale a tambari kuma tana da wata dabara, sau da yawa ba a kashe take ba ko da gilashin ya yi duhu. Batirin Spark 7 ba a cire shi da hannu. Ko dai ka danne maɓallin kunnawa har ta mutu ka jona nan take kafin ta sake tashi, ko ka buɗe bayanta a hankali ka zare igiyar batir daga jikin inji, ka jira kaɗan ka mayar, ka jona ba tare da ka taɓa maɓallin kunnawa ba. Na biyun ya fi tabbas. Ka kuma tabbata batirin yana da abin kirki a ciki. Sa mita a kansa: in ya yi ƙasa da bolt 3.6 ko kusa da haka, ka ba shi caji tukuna.

Kafin ka sake buɗe SP Flash Tool ma, akwai abin da nake so ka koya, wanda zai amfane ka har ka buɗe naka shagon. Ka daina kallon manhajar filashin, ka kalli abin da Windows take gani. Kwamfutocin da ke yawo a Garwa da Marwa yawancinsu da Faransanci suke, don haka ka nemi Gestionnaire de périphériques, wato jerin na'urorin da ke jone da kwamfutar. In ka rasa shi, danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta devmgmt.msc, ko da wane harshe kwamfutar take zai buɗe. Ka baje shi ya cika gilashi, ka jona wayar a kashe, ka zuba ido. Jerin zai motsa, wani suna zai bayyana ya ɓace. Sunan nan shi ne duk labarin. In idonka bai kama shi ba, ɗauki bidiyon gilashin da wayarka ka mayar a hankali.

Idan ka ga MediaTek PreLoader USB VCOM a ƙarƙashin sashen Ports, da lambar COM a gefensa, babu alamar ruwan ɗorawa, to igiya da direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta gane wayar, sun yi aikinsu aƙalla a wannan karon. Idan ka ga MT65xx Preloader a ƙarƙashin Autres périphériques da alamar motsin rai, wayar ta yi magana, Windows ce ba ta da direban da zai fassara. Idan kuma abin da ya fito shi ne Périphérique USB inconnu, da lamba 43 a cikin bayaninsa, to a nan kada ka ɓata lokaci da direba ko ɗaya. Ma'anarsa kwamfuta ta ji an jona wani abu, ta tambaye shi sunansa, amsar ba ta iso daidai ba. Wannan ciwon ƙarfe ne: igiya, ko bakin caji, ko kafar kwamfutar. In ba abin da ya motsa sam alhali wayar tana ɗaukar caji, shi ma can ne.

Ni da za a ce in yi hasashe daga nan inda nake zaune, igiya zan fara zargi, saboda abin da ka ce: yau 2005, gobe 1013, wata rana ja ya cika. Direba marar kyau yakan ƙi aiki iri ɗaya kullum. Abin da ke canza hali daga jonawa zuwa jonawa yawanci abu ne mai motsi, mai lanƙwasa, mai datti.

Igiyar USB ta gaskiya silli huɗu ne a cikinta. Ja da baƙi suna ɗaukar wuta, bolt 5. Fari da kore su ne ke ɗaukar magana. Igiyoyin da ake zubawa a faranti a bakin kasuwa, da waɗanda ke zuwa tare da fitila ko ƙaramar fanka ko lasifika, da yawansu babu fari da kore a ciki kwata-kwata, caji kawai aka yi su su yi. Wasu kuma suna da su, amma siraran gaske ne, kuma babu rufin da ke kare su daga hayaniyar lantarki. Irin waɗannan su ne mugaye, don suna iya kwafe hoto ɗaya ko biyu su sa ka yarda da su, sai an zo aikin da ba ya son ko ɗigon kuskure su ba ka kunya. Gwajin mai sauƙi ne. Ɗauki waya lafiyayya, ka jona da igiyar, ka kwafi babban bidiyo zuwa kwamfuta, kana yi kana ɗan girgiza kan igiyar ta ɓangarorin biyu. In ya yanke ko sau ɗaya, igiyar ta koma layin masu cajin waya. Mai filashin ya kamata ya mallaki gajeriyar igiya mai kauri, wadda ba ta kai mita ɗaya ba, ya ɗaura mata alama, ya ɓoye ta a durowa. Kada ka ara wa kowa ita, ko mai shagon kusa da ku ne ya ce minti biyu kawai.

Sai bakin cajin wayar. Mace mai zama a rumfar atamfa, wayarta tana yini tsakanin yadi da jaka, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina a garin nan. Zaren yadi da ƙura da gumi suna dunƙulewa a can ƙuryar ramin har kan igiya ya daina shiga ya zauna. Bakin micro USB haƙora biyar gare shi, na wuta suna gefe da gefe, na magana suna tsakani, shi ya sa waya take iya yin caji lafiya shekara guda alhali hanyar maganarta ta daɗe da toshewa, ba wanda ya sani tunda ba a taɓa jona ta da kwamfuta ba. Zare batir, haska ramin ka duba da madubin ƙara girma, ka sakace shi da tsinken itace, kada ka sa allura. Ka wanke da sifirit ɗin gyaran inji da ɗan buroshi, ka bari ya bushe. In ka ga haƙori ya lanƙwashe ko ya yi kore, canji ne. A yawancin irin waɗannan wayoyi bakin cajin yana kan wani ƙaramin allo ne a ƙasa, wanda wata shimfiɗaɗɗiyar igiya ke haɗawa da babban inji. Ita ma ka duba ta zauna daidai a bakunanta biyu. Ka kuma sani cewa ƙananan allunan caji masu arha da ake sayarwa a madadin na asali wani lokaci caji kawai suke yi, don haka in an taɓa canza wa Hajiya nata a wani wuri, wannan ma abin tuhuma ne.

A ɓangaren kwamfuta, in ta tebur ce, ka bar kafofin gaba, ka zagaya baya inda suke manne da inji kai tsaye. Kada ka bi ta na'urar nan mai rassa da ake jona abu huɗu a kafa ɗaya. In kana da zaɓi tsakanin kafa mai baƙin ciki da mai shuɗin ciki, fara da baƙar. Ita ce USB 2.0, kuma tsofaffin direbobin MediaTek sun fi jituwa da ita, duk da shuɗiyar ta fi ta sauri da ƙarfin wuta, miliamfa 900 a kan 500. Ka shiga saitin wuta na Windows ka kashe abin da suka kira suspension sélective USB, don kada kwamfuta ta kwantar da kafar da sunan tattalin batir ana tsakiyar aiki.

Akwai kuma maganar wutar kanta, wadda littattafan Turawa ba su cika damuwa da ita ba don ba su san rayuwarmu ba. Idan ruwan dam ɗin Lagdo ya ja baya a watannin zafi aka shiga rabon wuta, kasuwa takan koma kan janareto, kuma mafi yawan shagunanmu ba a ja musu wayar ƙasa ba. Cajar laftof marar kyau a kan irin wannan wuta tana zuba hayaniya cikin kwamfutar, har ka ji jikinta yana ɗan jan hannu in ka taɓa. Wannan kaɗai ya isa ya yanke haɗin USB. In laftof ɗinku yana da batir mai riƙewa, ka cika shi, ka zare caja, ka yi aikin a kan batir. In ba ya riƙewa, ko kwamfutar tebur ce babu na'urar riƙe wuta, kada ka fara rubuta wa wayar mutane komai a lokacin da ka san ana iya ɗaukewa.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji. Ka canza igiya, ka gwada, ka rubuta abin da ka gani a takarda. Sannan kafa. Sannan direba. Wanda ya canza uku a tare, ko ya dace bai san me ya gyara ba, gobe in ta dawo zai sake kwana a zaune.

Direba yanzu. Windows 10 da 11 masu bit 64 ba sa yarda da direban da ba shi da sa hannun da suka amince da shi, kuma tsofaffin direbobin VCOM da ke yawo a hannun masu gyara da yawa ba su da shi. Alamar ita ce lamba 52 a bayanin na'urar. Lamba 28 na nufin babu direba sam, lamba 10 kuma akwai amma ya kasa tashi. Mafi sauƙi ka nemi sabon direban MediaTek mai sa hannu. In tsohon ne kawai a hannunka, danne Shift ka danna sake kunnawa, ka bi ta Dépannage zuwa Options avancées zuwa saitin farawa, in jerin ya fito ka danna 7. Wannan sassaucin na wannan kunnawar ne kaɗai, don haka ka shigar da direban a take.

Amma kafin ka ƙara sabo, share tsofaffi. Kwamfutar shagon gyara takan tara tarkacen direbobi na shekaru, kowane wanda ya zauna a kanta ya zuba nasa. A Gestionnaire ɗin, shiga Affichage ka zaɓi nuna ɓoyayyun na'urori. Za ka ga layukan MediaTek masu dusasshen launi, wataƙila goma ko fiye, kowanne ya riƙe lambar COM tasa. Cire su duka tare da direbansu, ka sake kunna kwamfuta, ka sa guda ɗaya mai kyau. In kana son tabbatar da wanda kake cirewa, duba lambar shaidarsa a Détails: duk abin da ya fara da VID_0E8D na MediaTek ne. PID_2000 shi ne preloader, PID_0003 kuma shi ne matakin da ke ƙasa da shi, BROM, wanda ke fitowa da sunan MediaTek USB Port, yawanci in ka danne maɓallan sauti kana jonawa. Wannan na biyun a cikin ƙwaƙwalwar injin aka gina shi tun daga masana'anta, filashin ba ya goge shi, shi ya sa wayar MediaTek take da wuyar mutuwa ta hanyar manhaja kaɗai.

Lamba 1013 ɗinka kuwa fassararta a fili take: manhajar ta ga kafar COM, ta je buɗewa ta kasa. Ko dai kafar ta ɓace kafin ta isa, wato mun koma kan igiya, ko wani ya riga ta shiga. Kafar COM ba ta ɗaukar baƙi biyu a lokaci guda. Ka duba ko akwai manhajar wani akwati ko dongul na gyaran waya a buɗe, irin su Miracle ko CM2 ko UMT, ko SP Flash Tool na biyu da ya maƙale a ɓoye, ko tsohuwar manhajar modem ta intanet da ke tashi da kanta tana leƙa kowace kafa. Rufe su duka. Sannan ka tambayi kanka ko wani ya taɓa sa matatar libusb ko UsbDk a kwamfutar don tsallake tsaron MediaTek. In an sa ta ba daidai ba, takan tare na'urar kafin direban VCOM ya same ta. Ka buɗe SP Flash Tool da ikon mai gudanarwa, ka ajiye shi da fayil ɗin a gajeriyar hanya kamar C:\flash, babu tazara babu haruffan Faransanci masu alama a sama a sunan jakar.

In duk wannan ya gagara, ɗauki wayar da igiyarka mai kyau ka je wurin wani mai gyara da ka yarda da shi ka jona a tasa kwamfutar, ku kalli Gestionnaire kawai, ba filashin ba. Minti biyar zai raba maka gardama, ko ciwon na wayar ne ko na kwamfutarku.

Ranar da jan layi ya cika ya tsaya, labarin ya bar hannun igiya ya koma wani wuri, kuma ina so ka gane bambancin. Da ja ya cika, an gaisa ke nan. Abin da ke biyo baya yawanci ko fayil ne ko tsaro. In ka ga 4032, manhajar ta kasa tada ƙwaƙwalwar wayar da bayanan da ke cikin fayil ɗinka, wato galibi fayil ɗin ba na wannan injin ba ne. Spark 7 suna ne na kasuwa, a ƙarƙashinsa akwai samfura masu lamba KF6 da wani harafi a baya, kuma harafin nan ba ado ba ne. Duba takardar da ke manne a cikin wayar ko kwalinta, ko ka shiga recovery, wato allon gyara na wayar, ka karanta cikakkiyar lambar da ke sama. Sannan wayoyin Tecno da Infinix da Itel na 'yan shekarun nan suna da kullen tsaro, sukan ƙi DA na gama-gari sai nasu na musamman, wasu har da fayil na izini. Wannan ba aikin da ɗan koyo zai yi wa wayar da ke ɗauke da dukiyar mutane gwaji da shi ba ne. Na maigida ne, ko na Carlcare, masu kula da wayoyin kamfanin. In da rabon a kai ga rubutu, a cire alama daga preloader, a cire daga userdata. Kuma in ruwan ɗorawa ya riƙa tsayawa a wuri guda kullum, da igiya daban-daban da kwamfuta daban-daban, a fara zargin ma'adanar wayar ce take mutuwa, wadda ma tana iya zama dalilin maƙalewar tun farko.

A recovery ɗin nan, ka karanta kawai ka fito. Layin da aka rubuta wipe data, hannunka kada ya je kusa da shi.

Yanzu Hajiya. Gobe da safe, kafin ka kunna kwamfuta, ka je rumfarta da ƙafarka. Kada ka kira ta a waya, kada ka jira ta aiko yaro. Ka riƙe mata layinta da katin ajiyarta in akwai, waɗanda tun ranar farko ya kamata a ce suna hannunta. Kuɗinta na Orange Money ko na MTN a kan lambarta suke, ba a cikin wayar ba, ta sa layin a ƙaramar waya ta ci gaba da harkarta. Mako guda da ka riƙe mata layi, in ka riƙe, ya fi cutar da kasuwarta a kan lalacewar wayar.

Ka gaishe ta yadda ya kamata, ka ce mata: Hajiya, na yi kuskure da nake ce miki gobe. Wayarki tana nan yadda kika kawo ta, ban goge komai ba. Gyaran da na yi niyya zai iya share abin da ke ciki, shi ya sa na tsaya, ina so maigida ya dawo ya duba da kansa. Wannan maganar duk gaskiya ce in ka faɗe ta gobe, don daga yau ka san dalilin tsayawar. Za ta yi faɗa, ta kuma cancanta ta yi. Ka sunkuyar da kai ka ba ta haƙuri. 'Yar kasuwa ce, ta san kaya sukan makara, abin da ba ta yafewa shi ne a mayar da ita yarinya.

Sannan ka tambaye ta wanda ya buɗe mata adireshin Gmail lokacin da ta sayi wayar, ɗanta ne ko wani mai shago, da ko an rubuta kalmar sirrin a wani wuri. Da wannan za ku iya dubawa a wata waya ko lambobinta sun hau asusun Google, ko hotuna sun hau Google Photos, ko WhatsApp yana ajiye kwafi a Drive. Mai yiwuwa rabin abin da take tsoron rasawa yana can a ajiye ba ta sani ba. Ko da babu, za a buƙaci wannan asusun in an kai ga goge wayar, don za ta tashi tana neman sa kafin ta buɗe. Kada kuma ka yi mata alkawarin za a zaro hotuna daga injin kai tsaye. Wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama a kulle bayanansu suke, ko an kwafo ma'adanar ba a iya karanta ta sai wayar ta tashi an sa lambar sirrinta. Hanyar ceton lissafinta ita ce a tada wayar ba tare da an taɓa sashen bayananta ba, wannan kuma yana iya yiwuwa, yana iya ƙi. Ta ji haka daga bakinka tun yanzu. In aka kai inda ba makawa sai an goge, ita za ta ce a goge, a gaban maigida.

Batun ranto kuɗi ka saya mata wata ka ce tata ta mutu, ka cire shi daga ranka. Ba waya take nema ba, sunayen masu riƙe da kuɗinta take nema, sabuwar waya kuma ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba. Za ka ɗauki bashin dubban sefa a kan albashin da ba ka da shi, ka kuma bar gawar waya a shago wadda maigida zai jona ranar Asabar ya ji ta yi ƙara. Me za ka ce masa a lokacin?

Shi ma kada ka jira Juma'a. Kira shi yau da daddare, ka faɗa masa kamar yadda ka faɗa min, da lambobin da launin layin da komai. Zai fi son ya ji daga gare ka da ya ji daga Hajiya a bakin kasuwa. Wataƙila ma ya san halin kwamfutarsa, ya ce maka kafar hagu ta daɗe da lalacewa, ko akwai igiyar da yake ɓoyewa a wani wuri. Tunda yana Mubi, ka roƙe shi ya taho da gajerun igiyoyi masu kyau guda biyu da ƙaramin allon caji na Spark 7, na asali in ya samu, ka karanta masa cikakkiyar lambar samfurin don kada ya sayo na wata.

Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a sana'ar. In ka duba Gestionnaire ɗin, ka rubuto min sunan da ya fito da lambar da ke cikin bayaninsa.